Ko Kun Sani? Lincoln Ya Fara Ne Daga Majalisar Jiha

Ko kun san Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, a majalisar dokokin jihar Ilinoi ya koyi siyasa? Takararsa ta farko a 1832 ya sha ƙasa, duk da cewa mutanen ƙauyensa, New Salem, sun ba shi ƙuri'u 277 cikin 300. Bai karaya ba. A 1834, yana ɗan shekara 25, ya ci kujerar. Talaucinsa ya kai sai da ya ranci kuɗi ya sayi tufafin da zai shiga majalisa da su.

Sau huɗu a jere ana zaɓensa. Yana kan kujerar ya samu lasisin aikin lauya a 1836, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata aka mayar da babban birnin jihar daga Vandalia zuwa Springfield.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Maris 1837. Shi da abokin aikinsa guda, Dan Stone, suka rattaba hannu a takardar da ta shiga kundin majalisar, suka bayyana cewa a kan zalunci aka gina bauta. Su biyu kaɗai suka sa hannu.