Aikin Edita Wajen Tace Rubutun Injiniyoyi

Gabatarwa

Idan aka ce editan rubutun fasaha, ana nufin mutumin da ke karɓar abin da injiniya ya rubuta, ya tace shi, ya daidaita shi da fahimtar wanda zai karanta, ba tare da ya taɓa gaskiyar da ke ciki ba. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sun daɗe suna mayar da ilimin zamani cikin Hausa mai sauƙi.

Saƙo Ɗaya, Masu Karatu Uku

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin Kogin Kano ya haɗu da na Challawa, ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. A ce madatsar ta cika da damina, injiniya ya rubuta rahoton sakin ruwa. Ɗan'uwansa injiniya yana bukatar alƙaluma, wato yawan ruwan da ke fita a kowace daƙiƙa. Shugaban ƙaramar hukumar Gaya ko ta Ajingi yana son ya san garuruwan da ke cikin haɗari da abin da zai tanada. Manomin fadama kuwa tambayarsa ɗaya ce: yaushe ruwan zai iso, kuma me zai kwashe? Idan aka ba manomi rahoton farko yadda yake, shinkafarsa na iya nutsewa alhali takardar gargaɗi tana aljihunsa.

Ayyukan Edita

Na farko, ya tantance mai karatu kafin ya gyara ko da jimla ɗaya. Na biyu, ya zaɓi kalmomi. Akwai na aro da suka zama 'yan gida, kamar famfo da inji, akwai kuma na ƙirƙira, kamar rijiyar burtsatse. Wadda jama'a suka saba da ita ita ce abar ɗauka. Na uku, ya kiyaye ƙa'idojin rubutu, domin rashin ƙugiya kan mayar da "ɓari" ya zama "bari", ma'ana ta juye. Na huɗu, ya gabatar da umarni a farkon sanarwa, musamman wadda za a karanta a rediyo ko mai unguwa zai isar. Na biyar, ya koma wa injiniya da abin da ya tace, don a tabbatar sauƙaƙawa ba ta haifi kuskure ba.

Kammalawa

Injiniya ya san ruwa da ƙarfe, edita ya san harshe da jama'a. Ɗalibin Hausa da ya laƙanci nahawu da fassara yana da gurbi a wannan fage, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.