Daga Yamai zuwa Jidda: kilomita nawa ne ta jirgin sama?

Idan aka ja layi miƙaƙƙe daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda, tazarar ta kai kilomita kusan 4,000, wato daidai da nisan Yamai da Paris. Jirgin fasinja kan ci kilomita wajen 850 a awa guda, don haka idan aka haɗa da lokacin tashi da sauka, tafiyar ba ta wuce awa biyar da rabi.

Layin yana bi ta kusa da Tawa, ya ratsa hamadar arewacin Cadi, ya shiga arewacin Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Matsalar tana Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka koma zagayawa. Kowane zagaye ƙarin mai ne da ƙarin lokaci, kamfani kuma ba ya ɗaukar wannan asara shi kaɗai, a ƙarshe kuɗin kujera ne ke hawa.

Mai zuwa Umra wanda bai samu jirgin kai tsaye ba, lissafinsa daban ne. Idan ya bi ta Addis Ababa, zai yi kusan 4,000 zuwa can, ya ƙara wajen 1,400 zuwa Jidda. Ta Istanbul kuwa jimillar ta haura 6,000. Ban da awannin zaman jira tsakanin jirgi da jirgi, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta gajiyar da tsofaffi. Shi ya sa kafin a biya kuɗin tikiti mai araha, ya kamata a tambayi ma'aikacin ajans inda za a sauka da kuma awa nawa za a jira.

Mutanen gabas su ne suka fi shan wahalar tsarin. Daga Damagaram zuwa Jidda kilomita wajen 3,300 ne kawai ta sama. Amma maniyyacin da aka ce ya zo Yamai ya tashi, sai ya fara yin kilomita kusan 900 a mota yana fuskantar yamma, kafin jirgi ya dawo da shi gabas.

Akwai kuma batun agogo, wanda ke rikita iyalai da ke jiran kira a gida. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu. Jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar da rabi a sama, zai sauka ƙarfe 5 da rabi na asuba agogon Jidda, alhali a Maraɗi ƙarfe 3 da rabi ne na dare. Daga filin jirgin Jidda kuma akwai sauran kilomita kusan 100 a mota kafin a shiga Makka.