Agwagwar Fadama a Lokacin Ƙwai

A ƙauyukan da ke bakin fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kowace damina, kiwon agwagi harkar mata ce. Maza suna gonar shinkafa ko suna su, agwagi kuwa suna tsakar gida da bakin kududdufi, kuma kuɗinsu na uwargida ne.

Yawancin shekara agwagwa ita ke ciyar da kanta: ƙwari, tsutsa, ɗanyar ciyawa, da duk abin da aka zubar wajen wanke-wanke. Amma da zarar an ga ta fara laɓe-laɓe ƙarƙashin rumbu tana fizge gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa, an san ƙwai ya zo, kiwon sakaci ya ƙare. Da asuba take sakawa, shi ya sa ba a sakinta sai hantsi, kada ta je ta zubar cikin ciyawa. Takan tara goma zuwa goma sha biyar kafin ta hau kwanci.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwargida takan dama mata dusar gero ko ta masara, ta haɗa da jiƙaƙƙen ƙanzo, yara su ɗebo gara, a ƙara da kai da hanjin kifi, wanda ba ya wuya a wannan yanki. Ana daka ƙonannen ƙashi ko ɓawon katantanwa a barbaɗa, domin da shi jikinta ke gina ɓawon ƙwai. Idan ta rasa, sai ta riƙa saka mai laushi da ke fashewa. Kaskon ruwa yana gefen abinci, don ba ta iya haɗiyar busasshiyar dusa sai da shi. Tsabar dawa idan ta yi yawa ƙiba take sa ta, ƙwai ya ragu. Hatsin da ya yi fumfuna kuwa ba a kusantar da shi, domin gubarsa ta fi yi wa agwagwa illa a kan kaza.

Kwancinta kwana 35 ne, na kaza 21, don haka sai mai haƙuri. Sau ɗaya a yini take tashi, ta lulluɓe ƙwan da gashi, ta ci, ta yi wanka, ta dawo da danshin da ƙwan ke buƙata. Ana hana yara leƙe, ana tsaron tunku da damo da maciji, ana kuma ɗaga sheƙar idan ruwa ya fara shigowa gida. Bayan ƙyanƙyasa, sai shirwa ta zama abar tsoro.

'Ya'yan da suka tsira, cikin wata huɗu sun isa kasuwa. Toron da aka sayar a Gashuwa ko Nguru yakan zama kuɗin magani, ko kwanon da za a ajiye wa 'ya kafin aurenta.