Hadarin Gabas: Yadda Ake Gano Guguwa Kafin Ta Iso

Duk wanda ya tashi a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san hadarin farkon damina. A watan Mayu da Yuni, daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke fama da jarrabawar WAEC da NECO, rana za ta yi zafi kamar ta tsage ƙasa, can da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ɗigon ruwa ya sauka, iska ta riga ta yaye kwanon aji, ta karya reshen dogon yaro, ta kayar da turken wuta. Wani lokaci ma har da ƙanƙara, wadda ke farfasa ganyen shuka. To, ana iya sanin zuwan irin wannan hadari tun da wuri?

Mu fara da yadda yake haɗuwa. Da bazara iska biyu ke karo a samanmu: mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya daga Sahara. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai laimar nan takan yi sama da sauri, ta dunƙule ta zama gajimare mai tsayin da kan kai kilomita 15. A can ƙololuwa sanyi ya wuce na firiza, don haka ɗigon ruwa kan daskare. Muddin iskar da ke hawa tana da ƙarfin riƙe shi, sai ya yi ta ƙara kauri har nauyi ya rinjaye shi ya faɗo. Ita ce ƙanƙarar da muke tsinta.

Iskar da ke ɓarna kuwa daga cikin gajimaren take sauka. Ruwan da ke zubowa ta cikin busasshiyar iska yana sanyaya ta, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu gaba da ƙarfi. Shi ya sa muke fara ganin jar ƙura da jin sanyi kafin ruwa.

A Najeriya aikin hasashe yana hannun Hukumar Kula da Yanayi, wato NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina, sannan tana ba da na kullum. Ma'aikatanta na duba zafi da laima da ƙarfin iska, su haɗa da lissafin kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ke tsaye kimanin kilomita 36,000 a sama yana aiko hoton Afirka sau da dama cikin kowace awa. A Yamai ma akwai cibiyar ACMAD da ke irin wannan aiki domin nahiyar baki ɗaya.

Sai dai mu fahimci abu guda: hasashe na faɗin yankin da ke cikin haɗari ne, ba ya iya cewa rufin wace makaranta zai tashi. Idan an ce za a yi tsawa a arewacin Zamfara, ana iya tafka ruwa a Zurmi, Shinkafi ta kwana a bushe. Wannan ba ƙarya ba ce, haka hadari yake.

A nan ne namu idon ke da amfani. Manyan haduran yankinmu daga gabas suke tafiya zuwa yamma cikin jeri, sau da yawa da gudun kusan kilomita 50 a awa. Ke nan wanda ya taso ta Katsina da Jibiya yakan riski Zurmi kafin Ƙaura ko Shinkafi. Kiran waya ɗaya daga ɗan'uwa a gabas na iya ba mu awa guda ta shiri.

Akwai kuma lissafin da kowane ɗalibi zai iya. Da ganin walƙiya, mu fara ƙirga daƙiƙa har mu ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ce. Idan ƙirgar ba ta kai 30 ba, aradu na iya kai mana, don haka mu bar filin ƙwallo, mu guji gindin bishiya da turken wuta, mu shiga gini mai ƙwari, mu nisanci taga. Kada mu fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.

Rigakafi ya fi magani. Tun kafin ruwan farko, mu nuna wa malamai duk kwanon da ƙusarsa ta saki da reshen da ya rankwafo kan aji. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma na iya buɗe littafi, ta riƙa rubuta ranar kowane hadari, da lokacin da ya iso, da inda ya ɓullo, sannan ta gwada da abin da NiMet ta faɗa a rediyo.