Kaka a Kwarin Haɗeja: A Dubi Sama, A Kuma Dubi Kogi

Jama'a, ga damina ta fara naɗe tabarmarta. Marka ta wuce, gero ya nuna, shamuwa kuma tana shirin komawa kudu. Ko'ina ka zauna, a kasuwa ko a ƙofar masallaci, tambaya biyu ce a bakin mutane: yaushe ruwa zai ɗauke, yaushe kuma ɗari zai sauka? Manomin tudu in ya san amsar waɗannan ya huta. Amma mutumin kwarin Haɗeja, tun daga Ringim da Miga da Auyo har Kiri Kasamma da Guri, shi da ruwa biyu yake hulɗa, watau na sama da na kogi, kuma ba rana ɗaya suke yin sallama ba. Wanda ya lura da ɗaya ya manta da ɗaya, shi ne kan yi asara da kaka.

Bari mu fara da na sama. Iska biyu ce ke mulkin ƙasarmu. Akwai wadda kan taso daga Tekun Atilantika ɗauke da laima, ita ce uwar hadari. Akwai kuma busasshiya wadda kan fito daga Sahara. A watan Agusta iskar teku kan tura ta hamada can arewa, har ta wuce Agadas, shi ya sa ruwa ya fi yawa a wannan wata. Da shigowar Satumba sai ƙarfinta ya ragu, ta hamada ta riƙa korarta kudu sannu sannu. A ƙasar Haɗeja, inda ruwan shekara kan kai wajen milimita 600, watau kamar inci 24, galibi ruwa kan ɗauke tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Hadarin ƙarshe kuwa kan zo da iska da tsawa fiye da ruwa, ya kwantar da dawa, ya jiƙa geron da aka bari a gona. Bayansa sai zafin agazari, rana ta yi ƙuna, dare ya kawo raɓa. A Nuwamba ne iskar gabas kan kankama, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe gari. Sanyi sosai sai Disamba da Janairu.

Malamanmu na da sun san wannan tafiya ta hanyar lissafin taurari. Sun kasa shekara taurari 28, kowace kakar yanayi ta sami bakwai, kowane tauraro kwana 13, in ban da guda mai 14. Sarfa ce ke buɗe kaka, Ƙalbu ta rufe ta. A zamanin yanzu kuma akwai NiMet, hukumar lura da yanayi, wadda kan ba da hasashe a farkon kowace shekara game da faɗuwar damina da ɗaukewarta, sa'an nan ta riƙa sanar da na 'yan kwanaki a rediyo. Lissafin taurari yana gaya maka abin da aka saba gani, na hukuma yana gaya maka inda bana za ta iya saɓawa. Mai hankali ya haɗa duka biyu.

To, sai ruwa na biyu. Yawancin ruwan da ke cikin kogin Haɗeja ba a ƙasar Haɗeja ya sauka ba. Kogin Kano da kogin Calawa ne suka haɗu suka haife shi, ya bi ta Wudil ya gangaro. Saboda haka ruwan da ya zuba a kudancin Kano da tsakiyar damina sai ya yi tafiyar kwanaki kāna ya iso. Da ya wuce garin Haɗeja kuma ƙasa ta miƙe kamar faifai, sai ya rarrabu hannu hannu, ya malale fadamu, ya tafi a hankali wajen Nguru da Gashuwa. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga sama tas, ba ko gajimare, amma kogi yana ta ƙara hauhawa a Satumba.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, halin kogin ya sāke. A shekarar ƙarancin ruwa madatsun kan riƙe shi, fadama ba ta cika kamar da. A shekarar yalwa kuwa, in sun cika maƙil wajen ƙarshen damina, abin da ya ƙaru dole ya tsallake ya biyo kogi. Har wa yau, ruwan da ake saki da rani ya sa kogin da a da yake ƙafewa ya daina bushewa, sai ciyawar kacala ta sami gindin zama. Ita da yashi suka toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya riƙa bin inda ba a zata ba, kuma ya daɗe bai janye ba. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri ba su manta da 2018 da 2020 ba. A 2022 kuwa ambaliya ta ci gonaki da gidaje da rayuka a yawancin ƙasar Jigawa. A dukan shekarun nan uku ɓarna ta kai har cikin Satumba, lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki, manomi ya riga ya zuba dukan abin hannunsa.

To, me ya kamata a yi? Na farko, a kasa kunne ga labarin sama da kogi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In an ji ruwa ya hau a Wudil ko Ringim, mutumin Auyo da na Haɗeja suna da 'yan kwanaki a hannu. A gyara jinga, a kwashe abin da ya nuna, a kai dabbobi da taki tudu. Kada a tara dami a bakin fadama don ganin sama ta washe.

Na biyu, kada a yi gaggawar zuba hatsi a rumbu. Geron da raɓa ko ruwan ƙarshe ya taɓa, in an rufe shi da laima, sai ya yi fumfuna. A shanya a kan tabarma ko tamfol har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. Wake kuwa ya bushe sarai kāna a sa shi cikin buhun da iska ba ta shiga, in ba haka ba ƙwari su riga ka ci. Masu shinkafa su tuna jan baki a cikin kacala yake kwana, kuma lokacin da hatsi ke nuna ne ya fi ɓarna.

Na uku, shi ne mafi nauyi, watau lissafin kwanakin da ke tsakanin janyewar ruwa da saukar ɗari. Alkama 'yar sanyi ce. Lokacin shukarta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba, shi ya sa a Nuwamba aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a nan Haɗeja a 2023. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba, alkamarsa za ta zuba ƙwaya cikin zafin Maris, ta fito a tsumbure. Saboda haka kowa ya je ya dubi gonarsa a ƙarshen Oktoba. In ruwa ya janye, ƙasa ta fara ɗaukar ƙafa, a yi haramar iri da taki da gyaran injin ban ruwa. In kuwa har yanzu ruwa na kwance, kada a yi taurin kai. A bar alkama bana a wannan wuri, a jira a bi sawun ruwa da wake ko kankana, ko a ajiye shi don shinkafar rani bayan sanyi ya karye.

Fatake su ma abin ya shafe su. Shekarar da fadama ta cika, kifi kan yi yawa a kasuwar Haɗeja bayan ruwa ya janye, amma hanyoyin ƙauye kan daɗe ba su biyu ba, shinkafar gida kuma ta yi wuya. Ku kuma malaman gona da akawuna, ga wani aiki mai sauƙi. A kafa sanda mai alama a bakin kogi, a riƙa rubuta ranar da ruwa ya kai iyakarsa, da ranar da ya bar gona, da ranar ruwan sama na ƙarshe, da ranar da hazo ya fara. In an yi shekara goma ana haka, ƙauye ya sami littafin da zai riƙa dubawa kafin ya zuba iri.

Allah ya sa mu kwashe amfani lafiya, ya ba mu rani mai albarka, amin.