Kwamfutar tebur ta hannu ta ƙi tashi? Abubuwan dubawa kafin a ce ta mutu

A shagunan buga takardu da ɗakunan intanet na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya ka ga sabuwar kwamfutar tebur. Yawanci na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso nan. Wasu ƴan kasuwa ke shigo da su, wasu kuma ƴan'uwa mazauna waje ke aiko wa ƙannensu don su samu abin yi. Ranar da irin wannan na'ura ta ƙi tashi, cinikin yini ya tsaya. Sai dai sau da yawa matsalar ƙarama ce, in an bi ta daki-daki.

A fara da wuta

Wannan gargaɗi na masu aiko da kaya daga Amurka ne musamman. Wutar can volt 120 ce, tamu ta Nijar kuwa 220. Tsofaffin kwamfutoci da dama suna da ɗan jan makunni a baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. In aka jona ta yana kan 115, sai a ji ƙara, a ga hayaƙi, akwatin wutar ya ƙone nan take. A mayar da shi kan 230 tun kafin a jona. Waɗanda ba su da makunnin, a karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar: in an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa.

In kwamfuta ta yi shiru, ba fitila ba motsin fanka, a canza wayar wuta, a gwada wani wurin jonawa. In duk da haka shiru, akwatin wutar ake zargi, kuma ana sauya shi shi kaɗai. Amma kada a kuskura a buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire waya.

Fanka na juyawa, allo baƙi

Nan sai a duba wayar da ke haɗa allo da kwamfuta, a gwada wani allon in akwai. In kuma tana ƙara ɗit-ɗit ko fitilar gaba na ƙyaftawa, saƙo take bayarwa, kuma kowane kamfani da ma'anar nasa. Mafi yawan lokaci RAM ce ta motsa a hanya ko ta yi datti. A cire wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki, a zare RAM ɗin, a goge haƙoranta masu ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar har sai ta kama. In biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya don a gano mai laifin.

Ƙura da zafi

Kwamfutar da ke tashi lafiya, ta yi ɗan aiki, ta mutu da kanta, zafi ne ke damunta. Ƙurar hunturu na toshe fanka, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. A busa ƙurar a waje, a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da ƙarfen sanyaya ta kan bushe bayan shekaru, mai gyara zai sa sabo. Ajiye kwamfuta a ƙasa ko manne da bango na ƙara mata wahala.

Kwanan wata ya koma baya

Wasu kan ga shafukan intanet sun ƙi buɗewa, su ɗora wa layi laifi, alhali agogon kwamfutar ne ya koma shekarun baya. Dalili shi ne ɗan batir mai kama da tsabar kuɗi, CR2032, mai volt 3. Masu gyaran agogo ma kan sayar da shi.

Inda za a tsaya

Alamu biyu ba sa son jinkiri. In faifan ajiya ya fara ƙas-ƙas, a kwashe takardun mutane zuwa wani wuri a ranar, domin ana sayen wani faifan, amma kundin ɗalibin da ya ɓace ba ya dawowa. In kuma ƴan gwangwanayen da ke kan babban farantin ciki sun kumbura ko suna yoyo, aikin gwani ne.

Mai shirin saye ya sa a kunna masa na'urar a shago, ta yi aƙalla rabin awa tana aiki, a buɗe murfin ya gani da idonsa. Ya kuma ware kuɗin na'urar daidaita ƙarfin wuta tun farko, domin ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi na iya ƙone kwamfutar da aka gyara jiya.