Fasahar Ɗab'in Zane: Hanyoyin Koyonta da Matsalar Kalmominta a Hausa

1.0 Gabatarwa

Da zarar an ambaci kalmar ɗab'i, hankalin Bahaushe yakan koma ne ga littafi da jarida. Wannan ba abin mamaki ba ne, idan aka tuna cewa tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Sai dai akwai wani nau'in ɗab'i da bai sami shiga rubuce-rubucen Hausa sosai ba, wato ɗab'in zane, inda mai zane yake shirya aikinsa a kan katako ko ƙarfe ko ƙyalle, ya shafa tawada, sa'an nan ya danna shi a kan takarda ko tufa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake gudanar da uku daga cikin hanyoyin wannan fasaha, da kawo tarihin koyonta a Zariya, da kuma ba da shawarar sunayen da za a iya kiran hanyoyin da su a Hausa, domin sana'ar da ba ta da kalmomi a harshen mai koyo takan tsaya ga kwaikwayo.

2.0 Tushen Fasahar

Asalin ɗab'in zane bai wuce hikimar da ke cikin hatimi ba: a sassaƙa sau ɗaya, a buga sau da yawa. Littafi mafi tsufa da aka buga da sassaƙaƙƙen katako, wanda ke ɗauke da shekarar bugunsa, an yi shi ne a ƙasar Sin a 868. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ma hannu ya daɗe da sanin rabin wannan aiki. Dukawan Kano da Sakkwato suna buga ado a kan fata da ƙarfe, masu adon ƙwarya suna zana ta da wuƙa, maƙeran Bida a Jihar Neja suna yi wa tiren tagulla zane, masu rinin adire a Abekuta kuma suna huda faifan ƙarfe su shafa kullun rogo ta cikin hudojin kafin a tsoma ƙyalle a baba. Abin da ya rage kawai shi ne ɗaukar tawada daga wurin da aka sassaƙa zuwa kan takarda.

Ana rarrabe hanyoyin ɗab'i ne ta la'akari da wurin da tawada take zama. Idan tana zama a kan wurin da ya yi tudu bayan an sassaƙe gefensa, kamar yadda hatimi yake, ana iya kiransa bugun tudu. Idan tana zama cikin ramukan da aka haƙa, bugun kwari ke nan. Idan tana ratsa ƙofofin ƙyalle ne ta sauka kan takarda, sunan da ya dace da shi shi ne bugun rariya. Idan kuwa an shafa ta a kan abu mai santsi an ɗauke ta sau ɗaya tak, sai a ce bugun tilo.

3.0 Zariya da Tarihin Koyon Ɗab'in Zane

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Wannan kwaleji ce ta zama harsashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗaliban sashen, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun aiki na Turawa, amma a cika su da siffofi da labarai na gida.

Daga cikinsu, Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, shi ne ya fi shahara da ɗab'in zane. Ya shiga kwalejin a 1957, ya ƙware a bugun tudu, daga baya ya halarci tarurrukan horo da wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, ya jagoranta a Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960, inda ya koyi bugun kwari. A 1967 ya yi amfani da wani asid da ya fi ƙarfin faifansa, faifan ya lalace. Da ya cike gurabun da wani danƙo mai daskarewa, sai ya lura cewa tudu da kwarin da danƙon ya bari suna fitar da wata irin siffa mai zurfi a kan takarda. Daga nan ya gina wata sabuwar hanya tasa ta kansa. A 1998 ya fara shirya taron horo na lokacin hunturu a garinsu, Agbarha-Otor, a Jihar Delta. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, wanda ya fahimci dalilin kowane mataki yana iya cin ribar kuskure, wanda kuwa ya haddace matakan kawai sai ya jefar da faifan.

4.0 Bugun Kwari ta Hanyar Asid

Wannan hanya ta samo asali ne daga maƙeran sulke na Turai, waɗanda suke yi wa kayan yaƙi ado da asid. Daniel Hopfer na birnin Augsburg a Jamus yana cikin na farko da suka juya dabarar zuwa ga takarda, wajen shekarar 1500. Rembrandt na Holan (1606-1669) ya ɗaukaka ta, ya bar zane kimanin 300 da aka buga ta wannan hanya.

Ga yadda aikin yake. Ana samun faifan jan ƙarfe ko na zinki a goge shi har ya yi sumul, a kawar da duk wani maiƙo. Sai a shafe shi da wani haɗi mai kakin zuma da kwalta wanda asid ba ya ci. Mai zane ya ɗauki allura ya zana abin da yake so, ba da nufin huda ƙarfen ba, sai don ya yaye kakin kurum. Daga nan a tsoma faifan cikin asid da aka sirka da ruwa. Asid zai ci wuraren da allura ta buɗe, ya bar sauran. Gwargwadon daɗewar faifan a ciki, gwargwadon zurfin layin, kuma layi mai zurfi ya fi riƙe tawada, saboda haka ya fi baƙi. Bayan an wanke kakin, sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman faifan, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su ta tsakanin naɗin injin matsi. Danshin ne yake sa takardar ta yi laushi ta shiga ramukan ta tsotso tawadar.

Abubuwa biyu ya wajaba mai koyo ya kiyaye. Na farko, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, domin yana iya tafasa ya fallatsa; kuma a yi aikin a wuri mai iska, da safar hannu. Na biyu, duk abin da aka zana a faifai yakan fito a juye, dama ta koma hagu. Wanda zai buga rubutun boko ko na ajami dole ya rubuta shi a juye, yana duba madubi.

5.0 Bugun Rariya

Wannan ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa a garuruwan Arewa, inda masu sana'ar suke kiranta sikirin. Matashin da ke buga bajen makaranta ko rigar ƙwallo ko kyallen talla a wata unguwa kamar Sauka Kahuta a Minna, ka'idar da yake bi ita ce wadda Andy Warhol ya bi a Amurka a 1962 lokacin da ya buga hotunan da suka sa duniyar masu zane ta ɗauki hanyar da daraja.

Ana ɗaure ƙyalle mai ƙananan ƙofofi a jikin katako mai kusurwa huɗu, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga. A da siliki ake sawa, yanzu kuwa zaren roba ya maye gurbinsa. Sai a toshe duk inda ba a son tawada ta ratsa, ko dai da takardar da aka yanke, ko da wani ruwan magani mai daskarewa idan haske ya taɓa shi. A hanya ta biyu, ana shafa maganin a bushe shi a cikin duhu, a ɗora zanen da aka yi da baƙi a kan takarda mai gani-har-hanji, a haska. Inda haske ya taɓa ya daskare, inda zanen ya kare sai ruwa ya wanke shi, ƙofofin su buɗe. Daga nan a zuba tawada, a ja ta da faifan roba. Kowane launi yana buƙatar rariyarsa, kuma gwanintar tana ga daidaita su don kada wani ya hau wani. Wani abin lura shi ne bugun rariya ba ya juya zane, saboda haka ya fi sauƙi ga mai son buga rubutu.

6.0 Bugun Tilo

Ana danganta ƙirƙirar wannan hanya ga Castiglione, ɗan birnin Genoa a Italiya, a shekarun 1640. Ita ce mafi arha. Ana shafa tawada a kan gilashi, a yi zane a cikinta da tsinke ko tsumma ko yatsa, a ɗora takarda a murza bayanta da cokali. Bugu ɗaya ake samu mai kyau, na biyu yakan fito a dushe. A sauran hanyoyin kuwa mai zane yakan ƙayyade adadin bugu, ya rubuta misali 3/20 a ƙasan takarda, wato na uku cikin ashirin. Da yake bugun tilo ba ya buƙatar asid ko inji, shi ya fi dacewa a fara koya wa yara da shi, domin a nan ne za su gane juyewar zane da yawan tawadar da takarda take iya ɗauka.

7.0 Matsalar Kalmomi da Abin Zanawa

Mai koyo a shago yakan riƙe sunayen kayan aiki da Turanci, amma sau da yawa ba a yi masa bayanin dalili a harshen da yake tunani da shi. Ɗalibin jami'a kuwa yana da bayanin, amma da Turanci, kuma da wuya ya isar da shi ga na shago. Sunayen da aka kawo a sama an gina su ne daga kalmomin da kowa ya sani, tudu da kwari da rariya da tilo, don sunan da kansa ya riƙa koyar da yadda aikin yake. Wanda ya ji bugun rariya ya riga ya san akwai abin da ke ratsawa da abin da ake tarewa.

Akwai kuma iyayen da suke ƙin barin 'ya'yansu su koyi zane saboda ƙyamar suranta abu mai rai. Wannan bai rufe ƙofar ɗab'in zane ba. Zayyanar allo, da dagi, da adon bangon gidajen Zariya da Kano, da aska takwas ta babbar riga, duka siffofi ne na layi da kusurwa, kuma su ne irin abin da waɗannan hanyoyi suka fi iya fitarwa. Bugu da ƙari, adon bangon ƙasa yana gushewa duk lokacin da aka rushe tsohon gida aka yi na siminti, alhali faifai ɗaya yana iya adana siffar a takardu masu yawa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ɗab'in zane yana da dangi na kusa cikin sana'o'in gargajiya, kuma Zariya tana da babban matsayi a tarihin koyonsa a Nijeriya. Abin da ya rage shi ne sassan harsunan Nijeriya da na zane su haɗa hannu, su tattara kalmomin da masu sana'ar suke amfani da su a shaguna, su tace su, su rubuta ƙaramin littafin koyarwa da Hausa, wanda zai fara da bugun tilo, ya bi da bugun rariya, ya ƙare da bugun kwari. Sunayen da aka ba da shawara a nan ba yankan ƙauna ba ne. Bakin masu sana'a shi ne zai tabbatar da wanda zai zauna.